Mu Biyu Muke Jiran Mota Ɗaya

Alhamis, 7 ga Mayu, da hantsi

Iliya ya ce Talata za su shigo Kumasi, in hanya ta yi tsauri Laraba. Yau Alhamis. Na kira wayarsa, matar nan ta cikin waya ta ce a kashe take, da Turanci, ta maimaita da Tonanci, yaren mutanen nan, kamar ban ji na farkon ba.

Ba wani abu ba ne. Tun kafin mu yi aure mijina yake tuƙa motar shanu, kuma na san da sun tsallaka iyaka ba a samun su a waya. Wannan karon maƙwabcinmu Sulemana ne ya ɗauke shi, su sayo shanu da ragunan Babbar Sallah. Ƙofar ɗakinsu tana kallon tamu. Na ga matarsa Barkisu a bakin famfo, da jaririyarta Huda a goye. Ta ce, "Maman Salome, ya kira?" Na ce a'a. Ta ce nasu ma shiru. Muka yi dariya, muka ce maza ke nan. Bokitinta ya cika yana zuba, ba ta gani ba.

Alhamis, da magariba

A kashe.

Asabar, 9 ga Mayu, da rana

Na yi wa mata biyu kitso, ɗayar sai da na kwance mata gefe guda na sake. Ta ce, "Rifkatu, yau hannunki ba naki ba ne."

Bari in rubuta a nan tunda ba zan iya faɗa wa kowa ba. Iliya bai so tafiyar nan ba. Ya ce bana ba zai wuce iyaka ba, saboda abin da ake ji game da hanyar. Sulemana ne ya zo ya zauna a bencin ƙofarmu, ya yi ta lallashinsa, wai babu direban da ya yarda da shi sai Iliya, wai tafiya ɗaya ce su dawo. Ina daka barkono ina jin su. Da na yi magana. Ban yi ba.

Yanzu in na ga takalman Sulemana a ƙofar ɗakinsu sai haushi ya kama ni.

Lahadi, 10 ga Mayu, bayan coci

Osofo Seini, faston cocinmu, ya yi wa'azi cewa Allah ya fi rigar jikinmu kusa da mu. Mutane suna amin, amin. Na rufe ido na nema. Fanka kawai nake ji, da gumi yana bin bayana.

An yi wa Iliya addu'a. Da aka tashi Sista Afiya ta riƙe hannuna, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ka yi azumi paa, Rifkatu. Ka duba ɗakinka, ko akwai abin da ya toshe addu'a." Na san don alheri ta faɗa. Amma tun daga Ashanti New Town har gida ina cikin trotro, motar haya, ina ta binciken kaina, me na yi, me na yi.

Salome ta tambaye ni ko Baba zai zo mata da ƙwan zabi kamar wancan karon. Na ce mata ta ci abincinta.

Talata, 12 ga Mayu, bayan la'asar

'Yan kara, manyan kasuwar shanu, sun zauna, sun tura Muniru ƙanin Sulemana arewa, shi da wani dattijo da ya san garuruwan can. Mma Hajiya Habibatu, mai gidan da muke haya, ita ta kira ni da Barkisu ɗakinta ta gaya mana. Mu kaɗai ne Kirista a gidanta, amma 'yata take ce mini kamar kowa. Ta ce, "Ku biyun nan, kada in ji kun saurari maganar bakin titi."

Ai mun riga mun ji. Mai koko ta faɗa, mai gawayi ya faɗa, akwai wani hoto da ke yawo a wayoyin mutane. Wata ta miƙo mini tana cewa in duba ko motar ce. Na kau da kai. Abin da suke cewa ya faru a hanyar can, ba zan rubuta shi a nan ba.

Da muka fito Barkisu ta so ta yi mini magana. Na ce na bar tukunya a wuta. Babu tukunya.

Laraba, 13 ga Mayu, da asuba

Ya Yesu, ko fushi kake yi da ni, ka yi magana mana.

Juma'a, 15 ga Mayu, da yamma

Tun safe Huda take kuka, irin kukan da ba ya tsayawa. Na toshe kunne na kasa. Na dama koko na ɗauka na tafi, na yi sallama, ban jira amsa ba na ɗaga labule.

Barkisu tana zaune a ƙasa, babu ɗankwali. Rabin kanta a tsefe, rabi da tsohon kitso. Ashe ranar da ya kamata su dawo ta fara tsifa don ta yi sabon kitso ya zo ya gani, ta tsaya a nan. Ta ce nono ya ƙi zuwa. Na ce, "Yaushe rabonki da abinci?" Ta ce ba ta sani ba.

Na karɓi yarinyar na goya. Na miƙa wa Barkisu kokon na ce ta sha. Ta sha kaɗan. Na ce ta ƙara. Sannan na koma ɗaki na ɗauko matsefi da mai, na zauna a kujera na ce, "Maman Huda, matso." Ba ta taɓa kitso a wurina ba, yayarta ta Buokrom ke yi mata. Ta matso ta jingina da gwiwata.

Ita ta fara magana. Ta ce Sulemana ba ya iya cin tuwo sai da yaji a gefe, ko miyar ta kai wuta zafi. Ta ce in zai yi tafiya sai ya leƙa fuskar Huda sau biyu, ya fita ya dawo. Na ce Iliya kuwa waƙar coci yake yi wa motarsa in ta ƙi tashi. Ta yi dariya har kanta ya kuɓuce mini.

Can ta ce, "Maman Salome, ke in kin yi addu'a ana amsa miki?"

Na ce, "Kwanan nan shiru nake ji."

Ta ce, "Wallahi ni ma."

To a nan ne. Ban san yadda zan rubuta shi ba. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Huda ta yi barci a bayana, numfashinta yana taɓa wuyana, yatsuna suna cikin gashin uwarta, sai na lura haushin da nake ji ya sauka. Na san ba mu uku kaɗai ba ne a ɗakin nan. Na sani kamar yadda nake sanin Iliya ya shigo gida tun ban juya ba.

Ubangiji, na yi ta nemanka a coci ranar Lahadi, ashe kana ɗakin matar da nake gudu.

Kitson ya yi kyau. Ba ta duba madubi ba.

Asabar, 16 ga Mayu, da rana

Barkisu ta ci waakye, shinkafa da wake, rabin leda. Nono ya zo kaɗan. Waya a kashe.

Lahadi, 17 ga Mayu, bayan azahar

Muniru ya kira Mma Hajiya. Sun ga motar. Babu shanu, babu kowa. Ban tambayi yadda suka same ta ba, Mma Hajiya ma ba ta faɗa ba, ta dai yi ta jan carbi da sauri.

Abin da na ji ranar Juma'a ya tafi. Na neme shi na rasa. Ko ni na ƙirƙira?

Amma da la'asar Barkisu ta shigo ɗakina da kanta, ta zauna a bakin gado. Ruwan sama ya sauko a kan kwano da ƙarfi, ko mun yi magana ma ba za mu ji juna ba. Salome ta kwanta a cinyarta.

Litinin, 18 ga Mayu, da hantsi

Na wanke rigunan Iliya duka, har da masu tsabta.

Talata, 19 ga Mayu, da magariba

Yanzu kullum bayan la'asar tare muke zama, ni da Barkisu. In an kira salla ta shimfiɗa darduma, ni in riƙe Huda in yi tawa a zuci. Da ta sallame sai ta ce, "Kin sa namu a ciki?" In ce na sa. In ce, "Ke fa?" Ta ce, "Iliya ne farko."

Gaskiya sai yau na iya faɗin sunan Sulemana a addu'a ba tare da na cije haƙori ba.

Laraba, 20 ga Mayu, da rana

Da sauri nake rubutu, ban san ko za a iya karanta wannan ba.

Ina cikin yi wa wata kitso wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka. Aka yi shiru, sai numfashi. Sai aka ce, "Rifkatu, ni ne."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na durƙusa a ƙasa na cusa zane a baki. Yana raye. Yana wani ƙaramin asibiti a can arewa, mutanen wani ƙauye ne suka tsince shi suka kai shi. Ƙafarsa ce, amma za ta warke. Muryarsa kamar ta tsoho.

Na ce, "Sulemana fa?"

Shiru. Na ɗauka layin ne ya yanke.

Ya ce, "Kada ki ce mata komai. Muniru yana nan tare da ni. Gobe manya za su je gidan."

Na fito na ƙarasa kitson. Matar ta ce mene ne, na ce ciwon kai.

Ya Allah, na gode. Ya Allah, yaya zan yi? An kusa la'asar, yanzu Barkisu za ta zo.

Laraba, bayan magariba

Ta zo. Na wanke fuska sau biyu amma daga ƙofa ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Ya kira."

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ya kira."

Ta ce Alhamdulillahi da ƙarfi, ta rungume ni, Huda a tsakaninmu tana kuka, tana tsalle tana cewa na gaya miki, na gaya miki. Ni ban yi tsalle ba. Ta ji jikina a sandare. Ta sake ni a hankali.

"Suna tare?"

Na ce, "Ya ce gobe manya za su zo."

Ta daɗe tana kallon bakina, ko akwai saura. Babu. Ta kwance goyo ta miƙo mini yarinyar. Ta ɗauki buta ta yi alwala, ta wanke hannu ɗaya ta sake wanke shi, ta manta inda ta tsaya. Da ta shimfiɗa darduma ta juyo ta ce, "Maman Salome, kada ki tafi."

Ban tafi ba. Ta yi sujada ta daɗe ba ta ɗago ba. Na matsa na ɗora hannu a bayanta. Ban san ko ana yin haka ga mai salla ba. Ba ta ture ni ba.

Alhamis, 21 ga Mayu, da yamma

Sun zo da hantsi, Alfa, limamin masallacin layinmu, da dattawan kara da mahaifin Sulemana. An riga an binne Sulemana a can. Daga ɗakin Mma Hajiya na ji kukan ya tashi.

Gidan ya cika. Na ɗebi ruwa, na wanke kwanuka, na ɗebi ruwa. Mata suna ce mini barka a hankali, suna waiwaye. Na fi so kada su ce.

Asabar, 23 ga Mayu, bayan azahar

Ya dawo. Muniru ya sauko da Iliya daga tasi a bakin layi, da sanda, da rigar wani a jikinsa. Ya rame har na ga ƙashin wuyansa. Na yi niyyar in wuce da shi ɗaki kai tsaye, ya ƙi. Ya nufi rumfar da maza suke zaman makoki, ya jefar da sandar, ya durƙusa a gaban mahaifin Sulemana. Tsohon ya kama kafaɗunsa ya ce, "Tashi ɗana. Wanda ya karɓi nawa shi ya dawo da kai." Ya zaunar da shi kusa da shi a tabarma.

Salome ta ɓuya a bayana, ba ta gane shi ba da farko.

Na dafa masa miyar da yake so. Ya tsame naman ya ajiye a gefe. In babur ya wuce sai ya zabura. Ban tambaye shi komai ba.

Lahadi, 24 ga Mayu, da safe

Yana barci. Na leƙa na ga ƙirjinsa yana motsi, na fita, na dawo na sake leƙawa. Ban je coci ba. Ban je wurin Barkisu ba tun da ya dawo. Da wace fuska?

Litinin, 25 ga Mayu, da la'asar

Iliya ya ce yana so ya yi magana da Barkisu. Ta shiga takaba, don haka Mma Hajiya ta zauna tare da ita a ciki, shi yana waje a kan kujera, labule a tsakani. Ni na ɗauki Huda na koma wajen famfo. Ba na so in ji.

Duk da haka iska ta kawo mini kaɗan. Na ji ya ce, "Shi ya fara ganin su." Can kuma na ji, "Ya tura ni cikin ciyawa, ya ce in yi ta tafiya kada in waiwaya. Shi ya tsaya yana yi musu magana." Sai muryarsa ta karye.

Mutumin da na yi ta jin haushin takalmansa.

Na zauna a kan dutsen wanki da 'yarsa a hannuna, tana wasa da sarƙar gicciyen wuyana. Hancinsa ne sak. Na ce mata yi haƙuri, yi haƙuri, ita kuwa tana dariya.

Laraba, 27 ga Mayu, ranar Sallah, da rana

Layi ya cika da kabbara da sababbin kaya. Gidanmu shiru. Daga kowane gida an aiko wa Barkisu nama har kwanukanta suka ƙare. Ta aiko mana da cinya guda. Iliya ya kalla, ya fita ya zauna a bayan ɗaki. Na bi shi, na zauna. Ya ce, "Me ya sa ni?" Na ce ban sani ba. Na riƙe kansa kamar yadda na riƙe nata. Abin da na koya ke nan a makonnin nan, in zauna kada in tafi.

Asabar, 30 ga Mayu, da yamma

Osofo Seini ya zo. Ya ce gobe coci za ta yi godiya saboda Iliya, mu sa fararen kaya kamar yadda aka saba, a raka mu gaba da kiɗa. Iliya ya ce shi zai je amma a zaune. Na ce to.

Da ya tafi na fito da farin leshina na ajiye a gado, na mayar cikin akwati. Ƙofar fita ɗaya ce a gidan nan, kuma sai na wuce ta gaban ɗakin Barkisu. Ba zan iya ba. Zan sa mai duhu, Allah ya san zuciyata.

Lahadi, 31 ga Mayu, bayan coci

Na shirya da zane mai duhu, ina ɗaura wa Salome takalmi, sai aka ɗaga labule. Barkisu ce, da hijabinta na takaba, idonta ya faɗa.

Ta ce, "Mma Hajiya ta ce yau godiya za ku yi. Na ga 'yan cocinku in za su yi godiya fari suke sawa. Ina naki?"

Na ce, "Maman Huda, bari kawai."

Ta ce, "Kwana nawa kina guduna. Kina tsammani in na ga mijinki baƙin ciki nake ji? In na ji sandarsa a tsakar gida, sai in ce ga abin da Sulemana ya yi, yana tafiya da ƙafarsa. Bai tura shi cikin ciyawa don ki ɓoye shi ba. Buɗe akwatin."

Na buɗe. Ita ta ɗaura mini ɗankwalin, ta ja shi da ƙarfi har kunnena ya yi zafi. Ina kuka tana cewa in tsaya cak zai karkace. Da ta gama ta ce, "In kin je gaban, ki faɗi sunansa. Su ma su sani."

Na faɗa. Aka ba ni makirufo, duk abin da na shirya ya gudu. Na ce mijina yana zaune a nan saboda wani mutum sunansa Sulemana, Musulmi ne, maƙwabcinmu ne, ya bar mata da jaririya. Na ce na yi ta tambayar Allah ina yake, kuma duk inda na same shi a makonnin nan, matar mutumin nan tana wurin. Masu ganga suka tsaya. Osofo ya ce kowa ya tashi, aka yi wa Barkisu da Huda addu'a da sunansu. Sista Afiya ta fi kowa kuka. Bayan nan aka sa kiɗa.

Da muka dawo Barkisu tana zaune a bakin ƙofarta tana ba Huda nono. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"Kin yi rawa?"

Na ce, "Kaɗan."

Ta ce, "Nuna mini."

Na ajiye jakata a ƙasa. Babu ganga, sai Salome da ke tafa mini, Iliya kuma ya jingina da bango yana buga sandarsa a siminti. Na yi rawa a tsakar gida da farin leshina, da rana tsaka, ita tana dariya hawaye yana sauka a kan yarinyar, tana cewa, "Ƙara, Maman Salome. Ƙara."